Kujeru 328, ƙuri'u 310: yadda ake ƙulla gwamnatin haɗaka a Jamus da inda igiyar take tsinkewa

Ƙanwar Kowa:
Assalamu alaikum jama'a. Ga lissafin da nake so a warware mana. A zaɓen Jamus na 23 ga Fabrairun 2025, jam'iyyar CDU da ƙawarta CSU ta jihar Bavariya, masu ra'ayin mazan jiya, sun samu kujeru 208, SPD mai rajin haƙƙin ma'aikata ta samu 120, jimilla 328 a majalisar Bundestag mai kujeru 630. Abin da ake nema don naɗa shugaban gwamnati 316 ne. Sun sa hannu a kan yarjejeniyar kafa gwamnati tare ranar 5 ga Mayu, washegari aka kaɗa ƙuri'a, ɗan takararsu Friedrich Merz, shugaban CDU, ya tashi da 310. To ina amfanin takardar da aka kwashe makonni ana rubutawa, in ba ta ɗaure ko mutanen da aka rubuta ta da sunansu ba? Ni dai gani nake gamin gambiza sunansa gamin gambiza.

Malam Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Yarjejeniyar haɗaka ba doka ba ce, babu kotun da za a kai ƙara a kanta. Alkawari ne tsakanin jam'iyyu. Shi kuwa ɗan majalisa, sashe na 38 na kundin tsarin mulkinsu ya ce wakilin al'umma ne baki ɗaya, ba mai ba shi umarni, abin da zuciyarsa ta natsu da shi kaɗai zai bi. Ga shi kuma zaɓen shugaban gwamnati a asirce ake yinsa. In kin haɗa waɗannan biyun za ki ga ranar ce wanda aka hana kujerar minista, ko wanda yake ganin an yi gwanjon manufar jam'iyyarsa, zai huce haushinsa ba wanda ya gani.

Kuma zubewar ƙuri'a ba a kan Merz aka fara ba. A 2018 jam'iyyun haɗakar Angela Merkel suna da kujeru 399, ta samu ƙuri'u 364. Mutum 35 suka zame, fiye da 18 ɗin Merz, amma abin da take buƙata 355 ne, sai ta haye. Shi rarar tasa 12 ce kacal. Bargon ne bai kai ƙafa ba.

Sashe na 63 ya riga ya shirya wa irin wannan rana. Zagaye na farko shugaban ƙasa ne yake gabatar da suna, sai an samu fiye da rabin dukan 'yan majalisa, ba rabin waɗanda suka halarta ba. In an faɗi, majalisa tana da kwana 14 ta zaɓi wanda take so da wannan rinjayen. In nan ma an kasa, sai a yi zagayen ƙarshe wanda mafi yawan ƙuri'u ya isa, shugaban ƙasa kuma yana da kwana 7 ya naɗa mutumin ko ya rusa majalisa. Merz bai kai can ba, a yammacin ranar aka sake, ya samu 325. Sai dai kafin a sake a rana guda dole ne kashi biyu cikin uku su yarda a jingine ƙa'idar majalisa, don haka CDU ta nemi alfarma wurin jam'iyyar masu kare muhalli da jam'iyyar Linke mai ra'ayin gurguzu, wadda tun 2018 babban taron CDU ya haramta haɗa gwamnati da ita.

Ɗan Damagaram:
Malam ya fara daga tsakiya. A koma inda 328 ɗin ta samo asali, don a nan ne mutane suke ruɗewa. CDU da CSU kashi 28.5 suka ci, SPD kashi 16.4. In ka tara, bai cika kashi 45 ba. Amma kujerunsu kashi 52 ne na majalisa. Dalili shi ne shingen kashi 5.

Mai zaɓe yana da ƙuri'a biyu a takarda ɗaya. Ta farko ta ɗan takarar mazaɓarsa ce, mazaɓun 299 ne. Ta biyu ta jam'iyya ce da jerin sunayen 'yan takararta, ita ce kuma take yanke yawan kujerun kowace jam'iyya. Wadda ba ta kai kashi 5 a ƙuri'a ta biyu ba, ba ta shiga rabo, sai in ta ci mazaɓu 3 kai tsaye, kamar yadda Linke ta tsira a 2021 da kashi 4.9. A 2025 FDP mai ra'ayin 'yan kasuwa ta tsaya a 4.3, BSW ta Sahra Wagenknecht ta tsaya a 4.98, ƙasa da ƙuri'u 10,000 suka hana ta shiga. Da su da ƙananan jam'iyyu, kusan kashi 14 na ƙuri'un ƙasar ba su haifi kujera ko ɗaya ba, aka raba kasonsu ga waɗanda suka haye. Da BSW ta samu waɗannan 'yan ƙuri'un, da CDU, CSU da SPD ba su cika rinjaye ba, dole a nemo masu kare muhalli, alhali Markus Söder na CSU ya yi ta rantsuwa a lokacin yaƙin zaɓe cewa ba zai zauna da su ba.

Ga yadda sauran majalisar ta kasance bayan zaɓen: AfD mai tsattsauran ra'ayin ƙin baƙi 152, masu kare muhalli 85, Linke 64, sai kujera 1 ta SSW, jam'iyyar tsirarun 'yan asalin Denmak da Firisiya, wadda shingen bai shafe ta ba. Tunda duk jam'iyyu sun ce ba za su yi gwamnati da AfD ba, CDU kuma ta cire Linke, ka ɗauki alƙalami ka gwada. CDU da CSU da masu kare muhalli 293, bai kai ba. SPD da masu kare muhalli da Linke 269, bai kai ba. Ƙofa ɗaya ce ta rage. Wannan ne ya sa SPD, wadda ta sha kayen da ba ta taɓa sha ba tun kafuwar tarayyar a 1949, ta fito daga ciniki da ma'aikatu 7, ciki har da kuɗi da tsaro da ƙwadago da shari'a. Farashin jam'iyya a teburin haɗaka ba yawan ƙuri'unta ba ne, yawan zaɓin da babbar jam'iyya take da shi in ta tashi ta tafi ne.

Baba Na Fage:
Ku yaran nan kuna yabon shingen nan kamar alheri ne zalla. Mutum ɗaya cikin bakwai ya fita ya yi zaɓe, aka ce ƙuri'arsa ta bi ruwa. Ku dubi Turkiyya a 2002, lokacin shingensu kashi 10 ne: jam'iyyar AKP ta Erdoğan da kashi 34 ta kwashe kujeru 363 cikin 550. Wannan ai ba rabo daidai gwargwado ba ne kuma.

Ɗan Damagaram:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban ce alheri ne zalla ba. Ciniki ne, kowane ɓangare da asararsa. Holan ba ta da shinge sai kason kujera guda, wato kashi 0.67 a majalisa mai kujeru 150. Bayan zaɓen Maris na 2021 jam'iyyu 17 suka shiga, aka kwashe kwana 299 kafin a rantsar da gwamnati, kuma jam'iyyu huɗun da suka sauka su ne dai suka dawo. Isra'ila ta ɗaga nata zuwa 3.25, duk da haka ta yi zaɓe sau biyar tsakanin 2019 da 2022, har Naftali Bennett ya zama firaminista da jam'iyyar da ta ci kujeru 7 cikin 120. Jamusawa sun sa nasu ne da tunanin zamanin jamhuriyar Weimar, wato kafin hawan Hitler, inda majalisa ta tarwatse gida-gida. Kashi 10 zalunci ne, na yarda, Turkiyyar ma ta sauke shi zuwa 7. Kashi 5 ɗin ma akwai masana a Jamus da suke cewa a rage.

Hajiya Lauya:
Kafin a yi nisa da shinge, ƙanwarmu ta tambayi amfanin takardar, ba a gama ba ta amsa ba. Bari in jera yadda ake yinta, daga nan amfanin zai fito da kansa.

Da farko akwai lalube, inda shugabanni kaɗan suke zama su ga ko tafiyar za ta yiwu. A 2025 an gama shi ranar 8 ga Maris da 'yar takarda mai shafi 11. A wannan matakin ne ya kamata a fasa in za a fasa, kamar yadda Christian Lindner na FDP ya fice ranar 19 ga Nuwamban 2017 daga zaman da ake yi da CDU, CSU da masu kare muhalli. Wannan ficewar ce ta sa ba a samu gwamnati ba sai 14 ga Maris na 2018, kusan wata shida bayan zaɓe. Kundin ya ce sabuwar majalisa ta zauna cikin kwana 30, amma bai sa wa kafa gwamnati wa'adi ba. Tsohuwar gwamnati ce take riƙon ƙwarya har a gama.

Sai tattaunawa ta sosai. An kafa kwamitoci 16, kowanne da mutum 16, wato 256: bakwai daga SPD, shida daga CDU, uku daga CSU. Kowane kwamiti da fanninsa, lafiya, haraji, baƙin haure, makamashi. Jimlar da aka amince da ita a rubuta ta, wadda aka kasa a bar ta cikin baka da alamar jam'iyyar da ta kawo ta, a miƙa sama. Shugabanni su ne suke musayar waɗannan ragowar: ka bar mini wannan in bar maka wancan. Ranar 9 ga Afrilu aka fito da yarjejeniya mai shafi 144.

Rabon ma'aikatu a ƙarshe ake yinsa, da gangan, don kada a ce kujera aka je nema. Takardar tana faɗin jam'iyyar da ta samu kowace ma'aikata, ba ta faɗin sunan minista. Kowace jam'iyya ita take zaɓen mutanenta, shugaban gwamnati ba ya sa baki a na abokan tafiya.

Sai amincewar gida. Kwamitin ƙolin CSU ya amince, CDU ta kira ƙaramin taro, SPD kuwa ta miƙa wa 'ya'yanta su kaɗa ƙuri'a, kashi 84.6 suka ce e, kodayake kashi 56 ne kawai suka shiga. Wannan ƙuri'ar makami ce a teburin ciniki, domin wakilin SPD zai ce ni na yarda, amma in na koma gida da wannan mutanenmu za su watsar.

Shafukan da suka fi muhimmanci su ne na ƙarshe, waɗanda 'yan jarida ba su cika karantawa ba. A nan ake rubuta cewa jam'iyyun za su riƙa kaɗa ƙuri'a tare a majalisa da kwamitocinta, ba wadda za ta ɗauki ƙudurinta ta je ta nemi rinjaye da 'yan adawa. A nan ake kafa kwamitin haɗaka, inda shugabannin jam'iyyu da na rukunin 'yan majalisa suke zama su kashe wuta kafin ta kai majalisar ministoci. Amfanin takardar ke nan: ba ta hana saɓani, tana dai rage yawan abubuwan da za a yi saɓani a kansu, ta kuma faɗi ɗakin da za a shiga in an yi.

Ƙanwar Kowa:
Na gode Hajiya. Amma gwamnatin Olaf Scholz na SPD, wadda ta gabaci ta Merz, ita ma ai tana da duk wannan, takardarta ma ta fi tsawo, ta kuma watse kafin wa'adi.

Malam Mai Lissafi:
Ta watse, kuma kuɗi ne suka watsa ta. A wannan gaɓar nake so a daɗe, don a nan yawancin haɗaka take mutuwa.

Gwamnatin danja, kamar yadda ake kiranta saboda ja na SPD da rawaya na FDP da kore na masu kare muhalli, ta hau a Disamban 2021 da alkawura uku da ba sa zama a tukunya ɗaya. SPD tana so a ƙara kashe kuɗi a walwalar jama'a. Masu kare muhalli suna so a zuba kuɗi a sauya makamashi. FDP ta ce ba ƙarin haraji, ba kuma taɓa birkin bashi. Birkin nan yana cikin kundin tsarin mulki tun 2009, ya taƙaita giɓin da gwamnatin tarayya za ta cike da bashi a kashi 0.35 na arzikin da ƙasa take samarwa a shekara, in ba an ayyana halin gaggawa ba.

Dabarar da ta haɗa su ita ce yuro biliyan 60 na izinin cin bashi da aka bayar lokacin korona ba a yi amfani da shi ba. Sai aka juye shi cikin asusun sauyin yanayi. Kowa ya samu abin da zai kai gida: an kashe kuɗi, a takarda kuma ba a taɓa birki ba. 'Yan majalisar CDU da CSU suka kai ƙara kotun tsarin mulki da take birnin Karlsruhe, ranar 15 ga Nuwamban 2023 kotun ta ce juyen haramun ne. Daga ranar, abin da aka lulluɓe ya fito fili, kowane yuro da za a ba wannan sai an ƙwace daga wancan. Shekara guda suka ƙara ana zaman doya da manja, har kasafin 2025 ya gagara, ranar 6 ga Nuwamban 2024 Scholz ya kori Lindner daga ma'aikatar kuɗi.

A lura da kujerar da FDP ta riƙe. Ministan kuɗi ba kamar sauran ba ne. A ƙa'idar majalisar ministoci yana iya ƙin amincewa da duk shawarar da ta shafi kuɗi, kuma ba a tsallake shi sai mafi yawan ministoci sun haɗu tare da shugaban gwamnati. Kashe kuɗin da ba ya cikin kasafi ma sai da sa hannunsa. Ƙaramar jam'iyya in ta kama wannan kujerar ta kama maƙogwaron gwamnati. SPD ta ga haka, shi ya sa Lars Klingbeil ya ɗauke ta a 2025. Yarjejeniyar 2025 kuma ta ƙunshi jimla guda da take cewa duk abin da aka rubuta sai in an samu kuɗinsa. Wato an bar ƙofar rigima a buɗe, an dai sa mata suna.

Hajiya Lauya:
Ƙari a kan na Malam. Shugaban gwamnati yana da ikon shata manufa a sashe na 65, amma a haɗaka wuƙa ce da ba a zare ta sau biyu. Scholz ya zare ta a Oktoban 2022, ya rubuta wasiƙa cewa tashoshin nukiliya uku da suka rage su ci gaba da aiki zuwa 15 ga Afrilun 2023, don raba gardamar FDP da masu kare muhalli. Ta yi aiki ne saboda kowane ɓangare yana neman wanda zai ɗauke masa kunyar ja da baya. A kan kasafi ba ta yi ba, don minista yana iya cewa to ga kujerarka.

Baba Na Fage:
Duk wannan bayani yana ƙara mini ƙarfi ne. Mu ma a Najeriya mun yi wannan tsarin, ba labari aka ba mu ba a ƙasar nan. Zaɓen Disamban 1959, kujeru 312. NPC ta ci 134, NCNC da ƙawarta NEPU 89, AG ta Awolowo 73. Ba mai rinjaye, aka yi haɗakar NPC da NCNC, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama firaminista, Azikiwe ya zama gwamna janar a 1960, shugaban ƙasa a 1963. Ina ta kai mu? Rigimar ƙidaya ta 1962 da 1963, sai zaɓen 1964 da abokan gwamnati ɗaya suka shiga a matsayin abokan gaba, NPC a cikin ƙawancen NNA, NCNC a cikin ƙawancen UPGA. Sai Janairun 1966. Da na ji a Fabrairun 2024 wasu 'yan majalisar wakilai 60 sun kawo ƙudurin komawa tsarin firaminista, tambayata ɗaya ce: me ya canza?

Malam Mai Lissafi:
Baba, tarihin daidai ne, amma ba abu ɗaya ake kwatantawa ba. Jamhuriya ta farko tsarin firaminista ne a kan zaɓe irin na Ingila, mazaɓa ɗaya mutum ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ya kwashe. Arewa tana da kujeru 174 cikin 312, fiye da rabi. Ma'ana duk jam'iyyar da ta share Arewa ba ta buƙatar kowa. Bayan 1959 'yan indifenda da masu sauya sheƙa suka riƙa kwarara NPC, a zaɓen 1964 ta ci 162 ita kaɗai. Haɗakar da babba ya daina buƙatar ƙarami ta zama alfarma, shi kuma ƙaramin ya san haka. Wannan ne ya mai da ƙidaya batun rai da mutuwa, tunda da ita ake raba kujeru. A rabo daidai gwargwado NEPU da UMBC da sun samu kujeru gwargwadon ƙuri'un da suka ci a Arewa, ba 'yan ƙalilan da suka tsira da su ba, lissafin 174 ɗin kuma da bai zama dunƙule ɗaya ba. Ko hakan da zai hana 1966, wannan Allah ne masani. Amma wanda zai kawo tsarin firaminista bai taɓa dokar zaɓe ba, rabin kayan ya ɗauko.

Ɗan Damagaram:
Namu na Nijar ya fi kusa da darasin Jamus, ta wata fuskar. A 1993 MNSD Nasara ce ta fi kujeru, 29 cikin 83, amma ƙawancen AFC ya tara 50: CDS Rahama 22, PNDS Tarayya 13, ANDP Zaman Lahiya 11, da ƙanana. Aka raba manyan kujeru uku, Mahamane Ousmane shugaban ƙasa, Mahamadou Issoufou firaminista, Moumouni Adamou Djermakoye shugaban majalisa. An yi rabon muƙami, ba a yi rabon iko a rubuce yadda zai hana gardama ba. A Satumban 1994 Issoufou ya ajiye aiki bayan shugaban ƙasa ya rage masa iko, PNDS ta koma wajen MNSD, rinjaye ya juya. Ousmane ya rusa majalisa, zaɓen Janairun 1995 ya ba 'yan adawa 43, Hama Amadou ya zama firaminista, aka shiga zaman 'yan marina har ana gardamar wanda zai kira taron ministoci da abin da za a tattauna. Ranar 27 ga Janairun 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su duka. Tsarinmu a lokacin ruwa biyu ne, shugaban ƙasa zaɓaɓɓe mai iko da firaminista mai dogaro da majalisa. A Jamus shugaban ƙasa ba jama'a ne suke zaɓensa kai tsaye ba, ba shi da gwamnatin da zai yi takara da ita.

Hajiya Lauya:
Abin da ya hana Jamus irin wannan shi ne sashe na 67, ina ganin shi ne ginshiƙin ginin gaba ɗaya. Majalisa ba ta iya tsige shugaban gwamnati da ƙuri'ar yankan ƙauna sai in a ƙuri'ar nan ɗin ta zaɓi magajinsa da cikakken rinjaye. Ƙin mutum bai isa ba, sai an haɗu a kan wani. A 1932 'yan Nazi da 'yan gurguzu sun fi rabin majalisa, suna iya kayar da kowa, ba sa iya naɗa kowa. Wannan ramin aka toshe.

Sau biyu aka gwada a tarayya. A Afrilun 1972 'yan majalisa suna ta barin shugaban gwamnati Willy Brandt na SPD saboda manufarsa ta sasantawa da ƙasashen gabas, madugun adawa Rainer Barzel na CDU ya ƙirga ya ga ya isa, sai ya samu 247 alhali 249 yake nema. Daga baya ta tabbata hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas ta sayi ƙuri'a a ciki. Na biyu 1 ga Oktoban 1982, FDP ta bar shugaban gwamnati Helmut Schmidt na SPD ta koma ɓangaren CDU, Helmut Kohl na CDU ya samu 256 ya hau ba tare da zaɓe ba.

Shi ya sa da FDP ta fita a 2024 Scholz bai faɗi ba. Ya ci gaba da gwamnatin marasa rinjaye, domin Merz ba zai iya tara rinjaye ba sai da ƙuri'un AfD. Majalisa kuma ba ta da ikon rusa kanta. Hanyar da Scholz ya bi ita ce sashe na 68: shugaban gwamnati ya nemi ƙuri'ar amincewa, in ya faɗi ya roƙi shugaban ƙasa ya rusa majalisa cikin kwana 21, a yi zaɓe cikin kwana 60. Ranar 16 ga Disamban 2024 Scholz ya nema da niyyar faɗuwa, 207 suka amince, 394 suka ƙi, 116 suka ƙaurace. Masu kare muhalli, abokan gwamnatinsa, su ne suka ƙaurace don kada a yi kuskuren ci.

Baba Na Fage:
To wannan na karɓa. Sashen nan da an sa shi a wurare da yawa da an huta. Amma batun sauya sheƙa fa? Kun ce mutum ya shiga ta jerin jam'iyya, in ya fita da kujerar yake tafiya?

Hajiya Lauya:
Da ita yake tafiya, Baba. A 2023 Wagenknecht da mutum tara suka bar Linke da kujerunsu, jam'iyyar ta kasa cika kashi 5 na 'yan majalisa, ta rasa matsayin rukuni da kuɗinsa da lokacin maganarsa. Kundin Najeriya na 1999 a sashe na 68 ya ce kujera ta faɗi sai in jam'iyya ta dare, Indiya ma ta yi irin wannan doka a 1985. Jamus ta zaɓi 'yancin ɗan majalisa. Abin da yake tsare shi a layi shi ne jam'iyya ce take jera sunaye a zaɓe mai zuwa, wanda ya cika bijirewa sai ya tsinci sunansa a ƙasan jeri.

Ƙanwar Kowa:
Saura abu ɗaya. In ƙaramar jam'iyya tana da wannan ƙarfin, me ya sa take fitowa a raunane?

Malam Mai Lissafi:
Saboda yabo na shugaban gwamnati ne, zargi kuwa na kowa. FDP ta shiga da kashi 14.6 a 2009, ta fita da 4.8 a 2013, ba kujera ko ɗaya. SPD ta shiga gwamnatin Merkel da 34.2 a 2005, ta fita da 23 a 2009, ta sake shiga da 25.7 a 2013, ta fita da 20.5, duk da ita ce ta kawo mafi ƙarancin albashi na yuro 8.50 a 2015. A Birtaniya ma Lib Dem, ƙaramar jam'iyyar gwamnatin haɗaka ta lokacin, ta faɗo daga kujeru 57 zuwa 8 tsakanin 2010 da 2015. Ba ƙa'ida ba ce mara togiya, SPD ta fito daga haɗakar 2018 ta ci zaɓen 2021, amma lokacin Merkel ba ta tsaya ba. Illar wannan tsoron ita ce da zarar ƙuri'ar jin ra'ayi ta nuna ƙaramar jam'iyya tana dab da kashi 5, sai ta fara adawa daga cikin gida don magoya bayanta su tuna da ita. FDP a 2024 ke nan.

Ɗan Damagaram:
Kuma kada a ɗauka 328 ta isa komai. Gyaran kundi yana buƙatar kashi biyu cikin uku, wato 420. CDU, CSU, SPD da masu kare muhalli duka 413 ne. AfD da Linke sun ci 216, sun wuce sulusi. Shi ya sa aka yi sauri aka kira tsohuwar majalisa ranar 18 ga Maris na 2025, mako guda kafin sabuwa ta zauna, aka sassauta birkin bashi ga kuɗin tsaro da ya haura kashi 1 na arzikin da ƙasa take samarwa a shekara, aka kafa asusun yuro biliyan 500 na gine-gine, masu kare muhalli suka karɓi biliyan 100 a ciki don sauyin yanayi a matsayin farashin ƙuri'unsu. Zaɓen alƙalan kotun tsarin mulki ma kashi biyu cikin uku ne, a Yulin 2025 aka ɗage shi a ranar da za a yi, don 'yan CDU da CSU da dama sun ƙi 'yar takarar da SPD ta kawo bayan shugabanninsu sun amince.

Sai majalisar jihohi, Bundesrat, mai ƙuri'u 69, kowace jiha 3 zuwa 6, kuma a dunƙule take jefa su. Jihohin 16 kusan duka haɗaka ce take mulkinsu, kowace da irin nata gamin, kuma yarjejeniyoyinsu suna cewa in abokan gwamnati sun saɓa, jiha ta ƙaurace. Tunda 35 ake nema ko da wa ya ƙaurace, ƙauracewa daidai take da a'a. Don haka a duk dokar da take buƙatar amincewar jihohi, jam'iyyar da take adawa a Balin amma tana cikin gwamnatocin jihohi da yawa tana iya tare hanya, sai an je kwamitin sulhu mai mutum 32, 16 daga kowace majalisa, an sake wani cinikin da ita.